Jiɓin Kantin Sikeli

Aikin farko da na yi wa Kantin Sikeli shi ne taka ƙasa. Kwana tara na yi cikin kwaɓi har gwiwa, ina tattaka jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa da kashin jaki. A yayyafa ruwa, a bar ta ta kwana, gobe a koma. A rana ta huɗu na tambayi Baba Arzika, maginin da kawuna ya kai ni wurinsa, ko yaushe za a fara koya mini gini. Ya ce ai an fara tun ranar da na zo, ni ne dai ban lura ba.

Na soma da wannan ne saboda ku samarin da kuke zuwa wurina koyon birkila. Rannan na ji ɗayanku yana cewa ginin ƙasa ba sana'a ba ce, laka ce a ɗora kan laka, ko zanzaro ma yana yi. Ban yi masa musu ba. Zanzaro magini ne na kirki, ban taɓa jin ɗakinsa ya faɗa wa kowa ba. Ni kuwa akwai ginin da ya mutu a hannuna, kuma labarinsa zan ba ku.

Ban shigo sana'ar da wuri ba. Shekara biyu na yi a Jandutsi ina malamin wucin gadi, ina koyar da 'yan aji uku labarin ƙasa, har aka sami mai takardar shaida aka sallame ni. Da Baba Arzika ya ji haka sai ya ce madalla, na gama ba da labarinta, yanzu sai in shiga cikinta mu ga ko ta san ni. Daga ranar ya sa mini Tica, kuma bai sake kirana da sunan yanka ba har ya bar duniya.

Kantin yana bakin kasuwar Jega ne, ta wajen da hanyar Maiyama ke shigowa. In kun je yanzu za ku tarar da shagunan bulo shida a jere, masu su suna zaune a waje saboda zafi. Ni na gina su, don haka ina da damar faɗa. Kafin su, wani bafatake mai suna Malam Jabbi ne ya gina kanti a wurin, zamanin da kamfanonin Turawa ke sayen gyaɗa da auduga da ƙiraga, shi kuwa yana saya musu. Maginin da ya yi masa aikin sunansa Labbo, shi ne maigidan Baba Arzika. Ni ban riske shi ba. Aikinsa na riska.

Kaurin bangon a gindi kamu biyu ne, tubali biyar a jere, yana hawa yana sirancewa har ya koma tubali biyu a sama. Tubali, ga wanda bai sani ba, curin ƙasa ne da ake mulmulawa da hannu a shanya, ba shi da kusurwa, ba shi da ma'auni in ba tafin mai yin sa ba. Ƙofa ɗaya ce babba, ƙyaurenta na ƙarfe, aikin maƙeran Jiga Birni. Tagogi ƙanana ne can kusa da rufi, kan mutum ba ya shiga, amma iska tana shiga ta gabas ta fita ta yamma. Kowace kusurwa da zankonta, wato ɗan ƙahon ƙasa da ke tsaye a saman gini, kowane gefe da indararo biyu.

Abin kallon yana ciki. Ɗaki ne guda mai faɗi, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, buhu yana shiga ya fita ba abin da zai tare shi. Bakuna biyu ne suka ɗauki rufin, sun taso daga jikin bango sun lanƙwaso sun gitta juna a tsaka, kamar itacen bakin guga. Shi ya sa ake ce wa irinsa daurin guga. Kowane baka azara ce ta giginya, gajeru-gajeru, ana jera su wata ta ɗan wuce wata, a ɗaure da igiya, a rufe da ƙasa, a jira ta bushe kafin a ƙara. Daga ƙasar Maiyama aka jawo azarar da jakuna. A mahaɗar bakunan, inda masu hali ke manna farantin tangaran don ado, Malam Jabbi ƙugiyar sikeli ya sa aka kafa. Duk gyaɗar da ta bar yankin nan a zamaninsa sai da ta yi lilo a jikin aikin Labbo. Daga nan kantin ya sami suna.

Gyaɗa ta zo ta wuce, kanti yana nan. Ya koma wurin gishiri da kanwa da goro. Wajen samun 'yancin kai aka yi masa baranda ta kwano a gaba, teloli uku suka kafa kekunansu. Lokacin da na san shi, 'yan Aliero ne ke jibge albasa a ciki kafin motar kudu ta samu, suna cewa albasa takan yi kwanaki a nan ba ta san an cire ta daga gona ba.

Aikinmu na kowace shekara shi ne yaɓe. Bazara na kamawa sai Baba Arzika ya sa a jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, har ruwan ya yi ja kamar shayin da aka manta a wuta, a kwaɓa ƙasa da shi a shafe bango. Rufi kuma laso ake yi masa: katsi daga marina, gashin awaki daga majema, da ruwan dafara. Kayan aikin ba su da yawa. Galma, kwando, tsani, gizago, igiya, sai tafin hannu. Shekarata uku ina miƙa ƙasa kafin ya bar ni in shafa, kuma bangon baya ya ba ni, inda awaki kaɗai ke duba aiki.

A wurin yaɓen nan muka fara saɓani. Bayan an ɗauke ruwa, in ka shafa bangon da hantsi sai ka ji ɗan sanyi da laima a tafinka. Baba Arzika yakan ce kanti yana jiɓi, yadda mu nan muke ce wa gumi. Ya ce duk ruwan da gini ya sha da damina ta jiki yake fitar da shi, saboda haka rigarsa ma sai ta ƙasa. Ni kuwa na yi masa bayani a tsanake, irin na aji, cewa gumi sai mai nama da jini, wannan raɓa ce kawai, akwai shi a littafi. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "To, Tica." Haka yake rufe magana. Na daɗe ina ɗauka na ci gardamar.

Shekarar da aka yanko Jihar Kabi daga Sakkwato, hanyar Birnin Kabi ta cika da motocin siminti. Kowa a Jega ya tabbata ofisoshi na tafe, kuma ba za su zauna a ginin laka ba. Mai kanti a lokacin Alhaji Nomau ne, ɗan Malam Jabbi, dillalin albasa, mutumin kirki mai saurin yarda da abin da ya ji a tasha. Ya kira Baba Arzika ya ce yana so a yi wa kanti filasta, a huta da yaɓen shekara-shekara. Ina wurin. A lokacin na yi shekaru da tsayawa da ƙafata, ina aikin bulo, ana cewa ni ne mai hannu biyu, na ƙasa da na siminti. Baba kuma idonsa ya fara tafiya.

Ya ce, "Alhaji, in ka aza mai siminti ka toshe mai jiki. Ina za shi kai jiɓi nai?"

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Baba, kanti na hwa, ba doki ba."

"Ni dai ba ni yi. Nemi wani."

Alhaji bai sha wahalar nema ba, wanin yana tsaye kusa da shi. Bayan kwana biyu ya aiko mini, na karɓa. Ba wanda ya matsa mini. Na yarda ne har zuciyata cewa siminti ya fi ƙasa, kamar yadda na yarda duniya zagayayya ce.

Aikin kuwa na yi shi da kyau, wannan shi ne abin takaicin. Siminti ba ya kama jikin ƙasa, don haka kwana biyar muka yi muna bubbuga ƙusoshi, muka ɗaura wayar kaji, sannan filasta shafi biyu. Na zuba dakalin kankare kewaye da gindi. Na sare zankaye huɗu don sama ta miƙe ta yi kama da ofis. Aka yi fenti, shuɗi a ƙasa, fari a sama. Da na je gaishe da Baba, abu ɗaya ya tambaya, ko na bar bangon baya. Na ce a'a, na rufe duk huɗun, ba na aiki rabi. Ya ce to, Tica.

Masu ofis sun zo sau ɗaya. Suka leƙa, suka ce ba taga, suka koma mota. Amma kanti ya yi kyau, ya kuma jawo mini aiki. Damina biyu ana kirana Aliero da Maiyama da Jiga Birni, kowa yana so a yi wa zaurensa irin na Alhaji Nomau. Wasu daga baya na koma na ɓamɓare musu. Wasu ban kai gare su da wuri ba.

Da rani na biyu na bi ta gaban kantin, cokalin gini a hannuna, na ƙwanƙwasa bangon gabas da ƙotarsa, don sabo kawai. Bango mai lafiya ƙararsa a dunƙule take, ba ta dawo maka. Wannan ya amsa mini kamar tulun da ba ruwa. Wuri ne ɗan kaɗan, bai fi faifai ba. Na ɗaga kai na ga tsaga a saman bango, siririya kamar zare. Motar Aliero tana jira, direba yana ta hon. Na ce in na dawo, na shiga mota.

Damina ta uku ita ce mummunar shekarar. Marka ta kafa, kwana shida rana ba ta leƙo ba. Malam Bawa, babban telan baranda, ya zo gidana da kansa a jiƙe. Ya ce ƙyauren kanti ya ƙi rufuwa, albasar ciki tana ruɓewa tun ba ta kwana uku ba, kuma akwai wani wari da ba na albasa ba. Na je na ƙwanƙwasa. Duk inda na taɓa, tulu. Na sa kurfi, ƙarfen nan na sassaƙa, na huda filastar a gindin bangon gabas, sai ga abu yana kwararowa kamar kunun da bai yi kauri ba, ja, da ɗumi. Ruwa ya shiga ta tsagar sama, ya taso kuma ta ƙarƙashin dakali, ya nemi hanyar fita ya rasa. Shekara uku bangon yana jiɓi a cikin rigar da na ɗinka masa.

Na tarar da Alhaji a tasha na gaya masa. Ya dube ni ya ce ai siminti ba ya ruɓewa. Na ce na san maganar, daga bakina ya ji ta. Ya ce shi dai ba zai tashi mutane daga wurin neman abincinsu a tsakiyar damina ba sai ya ji daga bakin Baba Arzika, don shi ne ya san kantin. Ban ce masa shekara uku da suka wuce ma shi ne ya san shi ba. Ba ni da bakin faɗa.

Baba a lokacin ba ya ganin komai sai haske da duhu. Na goya shi a babur muna tafiya kamar masu ɗauke da ƙwai. Ya sa na zagaya da shi gini sau biyu, yana dafa bango, yana ƙwanƙwasawa da zobensa, yana kara kunne. A ciki ya nemi gora doguwa ya riƙa taɓa bakunan, ɗaya bayan ɗaya, tun daga ƙafa har mahaɗa. Teloli sun tsayar da kekuna. Alhaji yana bakin ƙofa, ya kasa shigowa ya kasa tafiya.

Baba ya ce bakuna suna da rai, ƙasarsu a bushe take, amma bango huɗun sun mutu har ƙirjin mutum, kusurwoyin rufi kuma a kansu suke zaune. Ya ce a fitar da mutane da kaya yau, ba gobe ba. Na ce ko za mu tokare rufin da itace, mu ɓamɓare simintin, mu riƙa cire ruɓaɓɓen muna sa sabon tubali gaɓa-gaɓa. Na yi bayanin da kyau, har da zane a ƙasa, na manta wanda nake yi wa ba ya gani.

Ya ce, "Da bara kaz zo, da mun yi." Ya juyo da fuska wajen muryata. "Bara ba ka ƙwanƙwasa ba?"

"Na ƙwanƙwasa, Baba."

"Mi kaj ji?"

Na gaya masa abin da na ji, da motar da ke jirana. Bai ce to Tica ba. Ya miƙa wa Malam Bawa gorar ya ce a fara da kekuna, sun fi nauyi.

Kafin la'asar an kwashe komai. Muka kewaye wurin da ƙaya. Bangon gabas ya zauna bayan kwana goma sha ɗaya, da rana tsaka, ranar kasuwa, daidai inda Malam Bawa ya yi shekara ashirin yana zama. Filastar ta faɗo falle guda, fentinta ko ƙwarzane babu. Wani mai wucewa ya ce kai, siminti dai akwai ƙarko.

Rushe ginin baka ba a yin sa da ƙarfi. Yadda aka ɗaura haka ake kwancewa, daga azarar ƙarshe zuwa ta farko, in ka zare wadda ba lokacinta ba rufin gaba ɗaya ya sauko maka. A duk Jega mutum ɗaya ya rage da ya san jerin da Labbo ya bi. Saboda haka da kaka ta yi, aka sa wa Baba kujera a inuwar darbejiya a tsallaken hanya. Ina sama ina gaya masa abin da ke gabana, yana gaya mini wadda zan zare. Sau biyu ya ce in tsaya, in shafa ƙarƙashin azarar, zan ji ɗaurin igiya uku. In na ji biyu ba ita ba ce. Duka biyun uku na ji. Azarar ta fito lafiya lau, baƙa, ko gara ba ta taɓa ba, mutanen ƙauye suka yi ta ɗiba suna rufin masallatai.

Ga abin da nake so ku riƙe, ku masu cewa laka kan laka. Bulo in ka yi kuskure yakan nuna maka a ranar, ka ga layi ya karkace ka gyara. Ƙasa ba ta gardama da kai. Za ta karɓi abin da ka yi mata ta yi shiru shekara uku. Kuma kalmar da tsoho ya faɗa muku, in ba ta yi kama da ta littafi ba, kada ku tsaya gyara masa kalmar. Ni na tsaya a kan cewa bango ba shi da nama da jini. Gaskiya na faɗa, har gobe ba shi da su.

Da muka gama sauke rufi da bango, Baba ya ce kowa ya ja baya, bakunan za su bi da kansu tunda ba abin da ke tokare su. Muka ja baya muka jira. Ba su bi ba. Kwana bakwai suna tsaye a bakin kasuwa su kaɗai, ƙafa huɗu, sama a buɗe, mutane suna zuwa daga Aliero kallo. Alhaji Nomau ya ce ko a bar su haka nan, ya yi shagunansa a gefe. Baba ya ce a'a. Ba rufi, ba riga, damina ɗaya za ta narkar da su a kan 'ya'yan mutane. Gara a kayar da su yana raye.

Ba lebura ɗaya da ya yarda ya tsaya ƙarƙashi da diga, ni ma ban ce wa kowa ya tsaya ba. Aka samo motar albasa da ta yi lodi za ta kudu. Direban ya ce a ɗaura kawai, shi da ya ja tirela daga cikin laka a hanyar Yawuri, ƙasa ce za ta tsaya masa? Na hau tsani na ɗaura igiya a ƙafar yamma. Ya ja, igiya ta tsinke. Aka kawo sarƙa. Ya ja, mota ta yi ta haƙa rami da tayoyinta, direba ya sauko ya zagaya bakunan yana kallonsu, ya koma mota. A na uku ya ja baya ya fizga. Suka ɗan tsaya kamar masu shawara, sannan suka kwanta gaba ɗaya, ba su rabu a mahaɗa ba.

Da ƙura ta lafa na tsallaka wurin Baba. Yana zaune yadda na bar shi, hannu biyu a kan sanda.

Ya ce, "Tica, sau nawa anka ja?"

"Sau uku, Baba. Na farko igiya ce ta tsinke."

"Motar da kaya ko wofi?"

"Cike take da albasa."

Ya jinjina kai. Can ya ce, "Labbo ya ce shekara ɗari za shi yi. Ashe ba ƙarya yay yi ba. Mu munka hana shi."

Mu ya ce. Alhaji yana tsaye, Malam Bawa yana tsaye, duk sun san wanda ya buga ƙusoshin, ba wanda ya gyara masa. Ni da na saba gyara masa magana, ranar ban gyara ba. Ya miƙo hannu, na kama shi ya tashi.